Shekarar da Babanku Ya Hau Soro

Bara, ranar da Sani ya kawo masu ɗora sola suka jingina tsani a katangata ba ko sallama, na fito na yi musu tatas, dukanku kuka ce tsufa ne ya fara taɓa ni. Har Binta tana cewa a ƙyale Hajiya, ba ta son abin zamani. To ba tsufa ba ne, kuma na riga ku sanin sola, don an ɗora ta a gidan nan tun rabinku ba a haife su ba. Na san kun taso kuna jin ƙishin-ƙishin cewa babanku ya taɓa yin wani abin kunya a unguwa, shi ya sa aka karɓe ladanci daga hannunsa. Ba wanda ya taɓa faɗa muku gaba da gaba, ku ma kunya ta hana ku tambaya. Ni a gabana aka yi komai, kuma zan rubuta muku shi yadda ya faru, wanda ransa zai ɓaci ya ɓaci.

Unguwar Sharaɗa da aka kawo ni ina amarya ba wadda kuka sani ba ce. Gidajen ƙasa ne manne da juna, katanga ɗaya ta raba ka da maƙwabcinka, idan aka soya albasa a can sai ka yi atishawa a nan. Gonakin kakanninku kuwa tuni an yanka su an kafa masana'antu a kai, 'ya'yan masu gonakin suka koma leburori a cikinsu. Babanku yana ɗaya daga ciki. A wata masaƙa yake aiki, yana kula da injin zare, mako guda aikin safe mako guda aikin dare. Amma a unguwa ba wanda ya san shi da masaƙa, Ladan kawai ake ce masa, yara da manya. Tun yana saurayi yake kiran salla a masallacin ƙofar gidan mai unguwa, ba lasifika ba komai, ya hau dakali ya toshe kunne, a ji shi har bakin titin kamfanoni. Idan yana wurin aiki wani ya riƙe masa, idan yana gida kuwa ko zazzaɓi yake yi sai ya fita. Ba a biyan sa ko sisi. Abin nan shi ne mutuncinsa a duniya, ba shi da wani.

Da aka ja mana wutar lantarki mun yi murna kamar an ba mu kujerar Makka, ashe wahala muka saya. Kamfanonin da ke gefenmu haske har a kan katangarsu, mu kuwa sai a ɗauke a yi kwana da kwanaki ba a kawo ba. Amma ƙarshen wata takarda ba ta taɓa ɓatan hanya. Mai karanta mita ko zaure ba ya shigowa, a gindin darbejiyar bakin layi yake zama yana shan kunun zaƙi yana rubuta abin da ya ga dama. Gida mai ƙwan fitila uku da rediyo, a kawo masa lissafi kamar yana da injin niƙa. Idan ka yi jinkirin biya sai ga su da mota da dogon tsani, su hau falwaya su datse waya su naɗe su tafi da ita. Shekarun nan ne kuma na tsuke bakin aljihu, albashi bai motsa ba, kayan masarufi sun yi tashin gwauron zabo. Ni ɗinkin hula nake yi ina taimakawa, kuma sai bayan magariba nake samun zama, ga shi ba wuta. Muna biyan kuɗin hasken da ba mu gani ba, muna kuma sayen kananzir. Wannan zalunci ya ci wa babanku rai ƙwarai, shi da ba mai yawan magana ba.

A shekarar ne masaƙarsu ta rufe wurin sayen audugar da take da shi can cikin daji, aka kwaso kayan wurin aka ce ma'aikata masu so su saya. A ciki akwai wasu farantai guda biyu na gilashi, shuɗi-shuɗi, kowanne ya kai tsawon ƙyauren taga, waɗanda da su ake cajin na'urar magana tsakanin daji da kamfani. Wani injiniya Ba'indiye ya nuna wa babanku yadda ake haɗa su da batirin babbar mota. Ya sayar da tunkiyata da na yarje masa, ya haɗa da abin hannunsa, ya ɗauko su a kura ya kawo gida a naɗe cikin buhu. Na tambaye shi mene ne wannan kuma.

"Wutar da ba mai kawo mana takarda a kanta," in ji shi. "Rana take sha. Ita kuwa rana ta Allah ce."

Aka ƙera musu ƙafafun ƙarfe aka kafa su a kan soron ɗakinsa, don shi ya fi tsawo, ba inuwar da ke kai masa. Ranar da ya haɗa waya, ana idar da magariba ya taɓa makunni, doguwar fitila ta yi fari fat a tsakar gida, alhali unguwa duk ta yi duhu. Wallahi sai da na yi guɗa. Washegari ya tafi ofishin masu wuta da ƙafarsa ya ce su zo su cire wayarsu, ya gode. Ya dawo yana murmushi shi kaɗai. Mata suka yi ta zuwa kallo, wasu suna cewa madubi ne, wasu suna cewa aikin aljanun Indiya ne. Talatu, matar Alhaji Mudi maƙwabcinmu na jikin katanga, kusan kullum sai ta shigo da tsintar shinkafarta ta zauna a ƙarƙashin fitilata muna hira. Ku riƙe wannan, don za ku ji sunanta a gaba.

Abin da Ba'indiyen bai faɗa ba, ko ya faɗa babanku bai ɗauke shi da muhimmanci ba, shi ne gilashin nan ba ya son datti. A daji ba damuwa. A Sharaɗa kuwa hayaƙin kamfanoni yana sauka kamar an barbaɗa toka, ga ɓurɓushin auduga da iska ke kwasowa, ga tattabarun Alhaji Mudi da suka mai da ƙafafun ƙarfen wurin hutawarsu suna kashi a kai. Kwana biyu uku idan ba a goge ba, fitila ta fara lumshe ido tun kafin isha'i. Dole sai an hau an goge.

A nan matsalar take, kuma ku 'yan zamani sai na yi muku bayani. A lokacinmu namiji ba ya hawa soro haka kawai. Makewayi ba shi da rufi, tsakar gida nan mace take daka, take wanki, take shan iska da ɗaurin ƙirji. Wanda ya hau sama ya ga cikin gida huɗu ko biyar. Don haka kafin a hau sai an tsaya an ɗaga murya an yi shela: gafara dai masu gida, za a hau soro! Sai a ɗan jira, mata su ɗauki mayafi ko su shige ɗaka, har mai aiki ya sauko ya ce an sauko. Kowa ya san wannan, kowa yana kiyayewa. Sai dai an saba da shi ne sau ɗaya a shekara, gab da damina, lokacin da magina ke yaɓe da gyaran indararo. Ba a taɓa samun mutumin da zai riƙa hawa soro kwana bibbiyu ba sai babanku.

Kuma ya yi shelar, Allah shaida ne. Da wannan muryar tasa ta kiran salla, wa zai ce bai ji ba? Da farko abin dariya ya zama, mata suna cewa ga Ladan zai je gaida madubinsa. Da aka yi wata biyu sai dariya ta ƙare. Kina cikin tuƙa tuwo a ce ki shiga ɗaka, kina cikin wanka a ce ki yi sauri. Ban ga laifinsu ba, ni ma da ni ce zan gaji. Na ce masa ya bari ni in riƙa hawa, mace ce za ta ga mata. Ya dube ni kamar na yi saɓo.

"Matar Ladan a kan soro, leburori suna wucewa ta titi suna kallo? Ki rufa mini asiri."

Ana nan, wata rana bayan la'asar Alhaji Mudi ya tare shi a ƙofar masallaci, su biyu kawai. Alhaji Mudi dillalin fatu ne, ya girmi babanku, yana da kuɗi da baki a unguwa. Babanku ya shigo gida ya maimaita mini maganar tun tana da zafinta.

"Ya ce, Malam Ladan, ka ishe mu da shelar nan. Iyalinmu ba su da sakat, kullum a shiga a fita kamar awaki. Kai ba baƙo ba ne, mun san ka, mun san halinka. Ka yi abinka ka sauko mana, ba sai ka tara mana jama'a ba."

Na tambaye shi, to me ya fahimta? Ya ce ai magana a fili take, an yarda da shi, an ɗauke masa shela. Har daɗi ya ji, wai an shaide shi. Ni zuciyata ba ta kwanta ba, amma ban hana shi ba, don ni ma haka na fahimci maganar, kuma har gobe haka na fahimce ta. Daga ranar ya koma hawa shiru. Ya mai da tsani ta cikin gida, ya hau a duƙe, ya juya wa gidan Alhaji Mudi baya, ya goge ya sauko, ko kai ba ya ɗagawa. Aka yi makonni a haka ba wanda ya ce uffan.

Ranar da abin ya faru makon aikin dare yake. Ya dawo da hantsi idonsa jawur don rashin barci, ya ce bari ya goge kafin ya kwanta. Ina bakin murhu ina kallon sa. Yana cikin gogewa iska ta fizge tsumman daga hannunsa ta yi bayansa da shi, ya juya don ya cafe, kamar yadda kowa zai yi. Daidai lokacin Talatu ta fito daga wanka da zani a ƙirji. Na ji ta ƙwala salati, bokiti ya faɗi. Babanku ya sauko har yana tsallake matakala, yana ta istigfari. Nan take ya aika ni in ba ta haƙuri. Na shiga na same ta ta riga ta sa riga, har tana dariyar kanta, ta ce ita dai tsorata ta yi, ta ɗaga kai ta ga mutum. Muka rabu lafiya. Da maganar a hannun mata ta tsaya, da ta mutu a ranar.

Amma ihun ya fita waje. Kafin azahar labari ya zaga, kafin la'asar ya yi 'ya'ya. Wai dama ba goge-goge yake yi ba. Wai madubin nan yana nuna masa cikin gidajen mutane har yana kwance a ɗakinsa. Wai shi ya sa ya bar shela. Matan da suka zauna a ƙarƙashin fitilata suna tsintar shinkafa, su ne suka riƙa cewa dama sun daɗe suna zargi. Mutumin da ko ni matarsa bai taɓa ɗaga ido ya dube ni a gaban mutane ba! Alhaji Mudi ya dawo daga kasuwa ya tarar ana maganar matarsa a bakin layi, kunya ta kama shi, sai ya nemi wanda zai ɗora wa. Ya kai ƙara wurin mai unguwa.

Aka zauna washegari da safe a zauren mai unguwa, da liman da dattawa. Mace ba ta zama a irin wannan wuri, amma ni na yafa mayafi na shiga cikin gidan kamar na zo gaida uwargida, na tsaya a bayan ƙyauren zaure ina ji. Liman ne ya yi tambaya.

"Malam Ladan, ka yi shela kafin ka hau?"

"Ban yi ba."

"Ka ga iyalin Alhaji?"

"Idona ya kai, na kau da kai."

Shi ke nan abin da ya faɗa. Na jira ya ce ga wanda ya hana shi shela, na jira, shiru. Daga baya ya ce mini wai ba zai kunyata wanda ya girme shi a gaban jama'a ba, kuma ya ɗauka Alhaji Mudi da kansa zai faɗa. Alhaji Mudi kuwa yana zaune yana jan carbi. Sai na ji jinina ya hau, ban san lokacin da na buɗe baki ba.

"Allah ya ba mai unguwa nasara, a tambayi Alhaji wa ya ce a bar shela! A tambaye shi abin da ya faɗa a ƙofar masallaci!"

Mai unguwa ya ce wace ce wannan? Aka ce matar Ladan ce. Alhaji Mudi ya yi gyaran murya, ko kunya babu.

"Ni cewa na yi ya rage damun mu. Ban ce ya riƙa hawa a ɓoye ba."

Tunda na riga na fara sai na ƙarasa. Na ce masu yanke wuta fa? Duk wata suna kafa tsani a falwayar bakin layi, ƙato ya hau har ƙololuwa yana kallon tsakar gidan kowa, har da na mai unguwa, yana fito, wa ya taɓa jin sun yi shela? Wa ya taɓa kai ƙararsu? Ruwan sanyi ma ake kai musu ana lallashi. Sai ɗan unguwa, wanda yake tashin ku salla tun bai ajiye iyali ba, shi ne za a tara wa dattawa? Wani daga ciki ya ce subhanallahi, mace a zaure. Sai na ji muryar babanku, a hankali.

"Ki koma gida."

Na koma. Ina tafe ina kuka, ba kukan tausayi ba, na baƙin ciki. Har yau ban san wanda ya fi ba ni haushi a ranar ba, Alhaji Mudi da ya murɗe magana, ko dattawan da suka san gaskiya suka sunkuyar da kai, ko babanku da ya zauna aka yanka shi yana taya su riƙe wuƙa.

Hukuncin da aka yanke shi ne a sauke gilashin, don a zauna lafiya. Ba a ambaci ladanci ba ko da kalma ɗaya. Babanku ya dawo yana cewa alhamdu lillahi abin ya zo da sauƙi. Da yamma ya tsaya a tsakar gida ya yi shela da ƙarfi, ya jira, ya hau ya kwance farantan ya sauko da su ɗaya bayan ɗaya. Mun gwada ajiye su a ƙasa, amma katanga ta kowane gefe tana tare rana, abin da suke samu bai isa ya kunna rediyo ba. Ƙarshenta ya jingine su a bayan gado. Komawa ofishin masu wuta da roƙon a mayar mana da waya, da wulaƙancin da ya sha a can, duk sun zo daga baya, kuma ba su ne suka ci mini rai ba.

Abin da ya ci mini rai washegari ya faru. Yana gida, don makon aikin dare bai ƙare ba, azahar tasa ce kamar kullum. Ya tashi daga barci da wuri, ya yi alwala, ya sa farar rigarsa, ya duba inuwar katanga ya ga da sauran ɗan lokaci. Ya zauna a bakin ƙofar ɗaki yana sa takalmi. Ya sa ɗaya, yana neman ɗayan, sai muka ji an ɗaga murya daga masallaci, Allahu akbar. Muryar ƙanin Alhaji Mudi ce, siririya, tana karkarwa. Ko lokaci bai gama yi ba, sauri suka yi don kada ya iso. Ba wanda ya aiko, ba wanda ya kira shi gefe ya faɗa masa. Mutumin da ya ba su muryarsa tun yana saurayi, a bakin ƙofar ɗakinsa ya ji an sallame shi, kamar yadda kowa ya ji.

Na ajiye muciya na zuba masa ido, ina jira ya yi fushi sau ɗaya a rayuwarsa. Na ce masa kada ya je, ya yi sallarsa a gida, ko ya tafi masallacin bakin titi, su san an yi masa laifi. Ya ɗaga mini hannu alamar in yi shiru, ana kiran salla. Ina kallon leɓensa yana amsawa a hankali, kalma bayan kalma, yadda mai sauraro ke yi. Da aka gama ya yi addu'a ya shafa, ya sa ɗaya takalmin ya fita.

A masallacin nan ya ci gaba da salla har Allah ya karɓi ransa, kafaɗa da kafaɗa da Alhaji Mudi, kuma ba a sake ce masa ya kira ba ko sau ɗaya. Ya ce mini ya yafe musu tun a ranar, ya roƙe ni in yafe. Na ce masa shi aka yi wa, yana da ikon yafe nasa. Amma ni na ga fuskarsa a bakin ƙofar nan da takalmi ɗaya a ƙafa, shi bai gani ba. Wannan nawa ne, kuma ban yafe ba.